Elliott Smith (1969-2003), mawaƙin Amurka mai ƙaramar murya

A cikin mawaƙan da ƙasar Amurka ta yi a ƙarshen ƙarni na 20 akwai wani wanda ake kira Elliott Smith. Bai yi tsawon rai ba, yana da shekara 34 ya bar duniya. Bai tara dukiya irin ta manyan mawaƙan ƙasar ba, kuma faifai biyar kaɗai ya fitar da sunansa yana raye. Amma har yau, bayan fiye da shekara ashirin da rasuwarsa, samari masu koyon jita a Amurka da Turai suna nan suna bin sawun yatsunsa. Mutane da yawa da abu biyu suka san shi, baƙin ciki da shan ƙwaya. Dukansu gaskiya ne, sai dai rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin labari ne na ma'aikaci mai haƙuri, wanda ya ɗauki tsara waƙa tamkar yadda masaƙi ke ɗaukar saƙa, zare bayan zare.

An haife shi ran 6 ga watan Agusta na shekara ta 1969 a garin Omaha, cikin jahar Nebraska, a tsakiyar ƙasar. Sunansa na yanka Steven Paul Smith. Ubansa ɗalibi ne a makarantar koyon aikin likita, uwarsa kuwa malamar kiɗa ce a lakwal ta ƙananan yara. Yana ɗan wata shida auren ya mutu. Uwar ta ɗauke shi ta tafi jahar Teksas, a kudu, ta zauna a garin Duncanville kusa da Dallas, can ta sake aure. Saboda haka yaron ya tashi agola. Zama bai yi daɗi ba tsakaninsa da mijin uwarsa, kuma tabon wannan zama bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa. Da ya girma ya sa aka zana masa taswirar Teksas a damtse. Ba don ƙaunar wurin ya yi haka ba, don kada ya manta da shi ne.

Gidan uwarsa gidan kiɗa ne. Yana da shekara 9 ya soma koyon piyano, da ya kai 10 ubansa ya saya masa ƴar ƙaramar jita. Tun yana ƙarami ya kamu da son waƙoƙin Beatles, samarin nan huɗu na Ingila, kuma bai taɓa barin su ba. Da ya cika shekara 14 sai ya bar Teksas ya koma wurin ubansa a garin Portland, jahar Oregon, can arewa maso yamma, ƙasar ruwan sama da hadari. A lokacin uban ya zama likitan masu taɓin hankali. A Portland ya shiga lise, inda ya yi fice ga karatu, yana kuma busa algaitar Turawa cikin makaɗan makaranta. Da ya gama a shekara ta 1987 sai ya ajiye sunan Steven ya laƙa wa kansa Elliott. Daga nan ya wuce kwalejin Hampshire a jahar Massachusetts, ya karanta falsafa da ilimin siyasa, ya fito a shekara ta 1991.

Takardar shaida ba ta kai shi ofis ba. Ya koma Portland tare da wani abokin karatunsa, Neil Gust, suka kafa ƙungiyar makaɗa mai suna Heatmiser. Da dare su yi kiɗa, da rana ya yi leburanci: ya shimfiɗa tsakuwa, ya dasa gora, ya shafa fenti a rufin sito.

Makaɗa marasa ubangida

Kafin a ci gaba ya kamata mai karatu ya san yadda kasuwar kiɗa take a Amurka a wancan zamani. Waɗansu ƴan manyan kamfanoni ne suka riƙe ta. Su ke da kuɗɗin ɗaukar murya, su ke buga faifai, su ke kai shi kantuna, su ne kuma gidajen rediyo ke saurare. Mawaƙin da ya shiga hannunsu ya samu ubangida: za a ciyar da shi, a tallata shi, amma kuma ana iya gaya masa irin waƙar da ake so. Tun wajen shekarun 1980 waɗansu samari suka ƙi wannan hanya. Suka kafa ƙananan kamfanoni a cikin ɗakunansu, suna buga faifai kaɗan kaɗan, suna sayarwa a wurin wasa ko ta gidan waya, ƙananan tashoshin rediyo na jami'o'i suna sa musu. Wannan shi ake kira indi, watau kiɗan masu zaman kansu. Talauci ne, amma talauci mai ƴanci.

A shekara ta 1991 ƙungiyar Nirvana, wadda ta fito daga irin wannan gida a yankin Seattle, kilomita wajen 280 arewa da Portland, ta sayar da faifai miliyoyi. Nan take manyan kamfanoni suka bazama cikin yankin suna farautar makaɗa masu amo irin nata, watau jita mai lantarki, da ganguna masu tsawa, da mawaƙi mai ƙaraji. Heatmiser ma irin wannan kiɗa take yi. Ta fitar da faifai a shekara ta 1993 da ta 1994, har babban kamfanin nan Virgin ya ɗauke ta. Elliott Smith yana cikinsu yana ɗaga murya kamar kowa, amma ransa ba ya nan. Muryarsa siririya ce, ba a halicce ta don ihu ba.

Abin da ya fid da shi ƴar na'ura ce ta aro. Rakoda ce ta kaset mai layi huɗu, wadda ke ba mutum damar ɗaukar sauti huɗu dabam dabam a kan zare ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a saurare su gaba ɗaya. Mutum guda yana iya kaɗa jita a layin farko, ya komo ya ƙara wata jita a na biyu, ya rera waƙa a na uku, ya sake rera ta a na huɗu. Tun yana lise ya saba da irinta. A ƙarshen shekara ta 1993 ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan budurwarsa, irin ɗakin da mutanen can ke ajiye tarkace, ya ɗauki waɗansu waƙoƙi da ba su dace da Heatmiser ba. Bai yi su don sayarwa ba, har waɗansu bai ma raɗa musu suna ba, lamba kawai ya ba su. Budurwar ce ta kai kaset ɗin wani ƙaramin kamfani na garin, Cavity Search. Mai kamfanin ya saurara, ya ce zai buga shi duka yadda yake. Haka faifansa na farko, « Roman Candle », ya fito a shekara ta 1994, da waƙoƙi 9.

A nan ne ya samo salon da aka san shi da shi. Yakan matso bakinsa daf da makirfo ya rera a hankali, kamar mai raɗa don kada ya ta da mai barci a ɗakin da ke kusa. Sa'an nan ya sake rera waƙar daidai yadda ya yi da fari, ya ɗora ta biyu a kan ta farko. Murya biyu ba sa taɓa haɗuwa sarai ko da na mutum ɗaya ne; ɗan saɓanin da ke tsakaninsu shi ke ba waƙar kauri, har mai saurare ya ji kamar mutum ne ke magana da inuwarsa. Aiki ne mai wuya ƙwarai, domin numfashi ɗaya in ya kauce sai an koma farko. Ga kuma jitar, wadda yake tsinka da yatsu maimakon ya daka ta, yana sauya sauti a wuraren da kunne bai zata ba. Masana kiɗa sun lura cewa waƙoƙin nan da ake ji kamar masu sauƙi, wanda duk ya zauna koyonsu sai ya yi gumi.

A daidai lokacin da kowa ke ƙaraji, mutum ɗaya da jitar katako ya zo yana raɗa. Shi da kansa ya zaci za a yi masa dariya. Sai ga shi a gidajen shaye-shaye inda yake wasa, zaune a kujera, kai a sunkuye, masu surutu suna yin tsit don su ji.

Faifai na biyu, mai ɗauke da sunansa, ya fito a shekara ta 1995 a kamfanin Kill Rock Stars na garin Olympia. Waƙoƙin cike suke da masu shan ƙwaya, da mashayan giya, da mutanen da suka rataya rayuwarsu a wuyan wani. Daga nan jama'a suka yanke masa hukunci, suka ce labarin kansa yake bayarwa. Ya sha bayyana wa ƴan jarida cewa waƙa ba littafin sirri ba ce, kuma ƙwayar da yake ambata misali ce ta kowane irin dogaro da ke ɗaure ɗan Adam. Abokansa na Portland sun shaida cewa a wannan lokaci bai faɗa hannun ƙwayar da yake waƙa a kanta ba. Sun kuma tuna shi mutum mai barkwanci, mai kwaikwayon mutane har a yi ta dariya, mai yawan karatu. Amma suna in ya kama mutum ya fi ƙaya wuyar cirewa.

Heatmiser ta watse a shekara ta 1996, bayan faifanta na uku. Ga alama nasarar da ɗayansu ya samu shi kaɗai ta sa zaman ya yi tsami. A watan Fabrairu na shekara ta 1997 ya fitar da « Either/Or », watau ko wannan ko wancan, sunan da ya aro daga littafin Kierkegaard, masanin falsafa na ƙasar Danmak, wanda aka buga a shekara ta 1843. Shi ya kaɗa jita, shi ya buga ganguna, shi ya taɓa piyano, shi ya yi amshi. Da yawa daga cikin masu saurarensa suna ganin wannan faifai shi ne gwaninta tasa duka.

Daren Oska

A Portland akwai wani mai shirya sinima, Gus Van Sant, wanda ya daɗe yana sauraren waƙoƙinsa. A shekara ta 1997 yana shirya fim mai suna « Good Will Hunting », labarin wani saurayi maraya mai sharar jami'a, wanda Allah ya ba baiwar lissafi amma dukan da ya sha yana yaro ya hana shi yarda da kowa. Van Sant ya ga waƙoƙin Smith sun dace da wannan labari kamar don shi aka yi su. Ya ɗauki waɗansu tsofaffi, aka ƙara sabuwa guda, « Miss Misery ». Fim ɗin ya karɓu fiye da yadda aka zata, sai ga waƙar a cikin biyar da aka zaɓa don takarar Oska, babbar kyautar sinima ta Amurka.

Da fari bai so zuwa ba. Masu shirya bikin suka sanar da shi cewa in bai zo ba za su ba wani ya rera ta. Ran 23 ga watan Maris na shekara ta 1998, a birnin Los Anjeles, ya fito gaban taurarin sinima da mutum fiye da miliyon 55 masu kallo ta talabijin a Amurka kaɗai. Yana sanye da farar kwat wadda ta zauna masa kamar kayan aro, gashi a hargitse, jitar katako a rataye. An gajarta waƙar, minti biyu da ƴan kai ya yi. Da aka gama ya rusuna, hannunsa cikin hannun Céline Dion, wadda ta rera waƙar fim ɗin « Titanic ». Waƙar « Titanic » ce ta ci, kamar yadda kowa ya sani tun kafin a zauna. Fim ɗin kyauta 11 ya kwashe a wannan dare. Abin da Smith ya fi tunawa daga baya shi ne kirkin da Céline Dion ta yi masa a bayan fage, ta ga ya tsorata ta kwantar masa da hankali. Tun daga ranar bai yarda a yi mata ba'a a gabansa ba, alhali kuwa a cikin ƴan indi yi wa irinta ba'a kamar farilla ne.

Zuma ga zaƙi ga harbi. Wannan dare ya buɗe masa ƙofa, ya kuma raba shi da inuwar da ya saba. Ya riga ya bar Portland ya koma unguwar Brooklyn ta birnin Niyok, inda yakan zauna shi kaɗai a mashaya yana rubutu. Giya ta yi masa yawa, ciwon damuwa ya tsananta. A cikin waɗannan shekaru ne, wata rana a jahar Karolina ta Arewa, ya bugu ya ruga ya faɗa daga kan dutse, itace ya tare shi ya ji masa ciwo amma ya tsira.

A shekara ta 1998 ya sa hannu da DreamWorks, babban kamfanin da Steven Spielberg da abokansa biyu suka kafa. Waɗansu tsofaffin masoyansa suka ce ya sayar da kansa, ya samu ubangida. Wannan zargi bai yi adalci ba. Wanda ya saurari « XO », da ya fito a watan Agusta na wannan shekara, zai ji mutumin nan ne dai na ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai dai yanzu an ba shi layi da yawa maimakon huɗu. Ya cika su da piyano, da goge, da kakaki, da muryarsa ninki bisa ninki, har waƙar ƙarshe babu kayan kiɗa ko ɗaya a cikinta sai muryoyinsa. Abin da ke cikin kansa ke nan tun yana yaro mai sauraren Beatles, rashin kuɗɗi ne ya hana a ji shi tun da wuri. An sayar da kwafi wajen 400.000, ya fi duk sauran da ya fitar yana raye, ko da yake a ma'aunin babban kamfani wannan ba wani abin kirki ba ne.

A shekara ta 1999 ya koma Los Anjeles. Faifai na biyar, « Figure 8 », ya fito a watan Afrilu na shekara ta 2000, kuma an ɗauki wani sashe nasa a Abbey Road, a birnin Landan, ɗakin da Beatles suka yi yawancin aikinsu. A bangon faifan an ga shi tsaye gaban wani gini na titin Sunset mai zanen layuka masu launi.

Bayan yawon wasa na wannan faifai ne abin da aka daɗe ana laƙa masa ya tabbata. Ya kamu da heroyin da hodar iblis. Ya rame, ya daina barci, ya riƙa ganin kamar wata farar mota tana bin sa duk inda ya nufa. Ya ɓata da abokan aikin da suka yi masa faɗa, har aka watsar da aikin da ya soma tare da makaɗin nan Jon Brion a shekara ta 2001. Ya nemi DreamWorks ta sake shi. A watan Mayu na shekara ta 2002, a wani wasa a birnin Shikago, mutumin da aka sani da gwanintar yatsu ya yi kusan awa guda a fage yana soma waƙa yana kasa kai ta ƙarshe. Abin mamaki, ko a cikin wannan hali bai bar aiki ba. Ya ci gaba da ɗaukar sababbin waƙoƙi, kwana da kwanaki ba hutu, yana sayen tsofaffin na'urori don ɗakin ɗaukar murya da ya kafa wa kansa a unguwar Van Nuys.

A ƙarshen shekara ta 2002 ya shiga wani gidan magani ya rabu da ƙwaya. Ran da ya cika shekara 34, a watan Agusta na shekara ta 2003, ya bar giya. Waɗanda suka gan shi a lokacin sun ce ya soma murmurewa, yana zancen kammala faifai, yana kuma shirin kafa gidauniya don taimakon yaran da aka zalunta. Wasansa na ƙarshe ya yi shi ran 19 ga watan Satumba a garin Salt Lake City.

Ran 21 ga watan Oktoba na shekara ta 2003 aka ɗauke shi daga gidansa na unguwar Echo Park zuwa asibiti da sukar wuƙa biyu a ƙirji, can rai ya yi halinsa. Budurwar da suke zaune tare, wadda ita kaɗai ke gidan, ta shaida wa ƴan sanda cewa sun yi gardama, ta shige makewayi ta kulle, ta ji ƙara, ta fito ta same shi da wuƙa a ƙirji. Jaridu suka buga cewa ya kashe kansa. Amma likitan hukuma mai binciken gawa bai tabbatar da haka ba. A cikin rahotonsa ya bar maganar a buɗe, domin waɗansu alamu sun dace da kisan kai, waɗansu kuwa ba su dace ba. Ba a taɓa gurfanar da kowa gaban shari'a ba. Abu ɗaya da binciken ya tabbatar shi ne babu giya ko haramtacciyar ƙwaya a jininsa, sai magungunan da likita ya rubuta masa, su ma daidai awo.

Tun daren ranar jama'a suka riƙa zuwa ginin nan na titin Sunset suna ajiye furanni da kyandir, suna rubutu a jikin bangon. Danginsa suka miƙa aikin da ya bari ga Rob Schnapf, wanda ya yi faifai uku tare da shi, da Joanna Bolme, makaɗiya ƴar Portland. Suka zaɓi waƙoƙi 15, aka fitar da su a watan Oktoba na shekara ta 2004 da sunan « From a Basement on the Hill », a wani kamfani mai zaman kansa. Faifan ya hau matsayi na 19 a jerin waɗanda aka fi saye a Amurka, alhali yana raye bai taɓa wuce na 99 ba.

Sauran kaset da zaruruwan da ya bari an ba Larry Crane amanarsu, abokinsa wanda suka gina ɗakin ɗaukar murya tare a Portland a shekara ta 1997, Smith yana riƙe da guduma da buroshin fenti. Crane ya zauna ya saurare su ɗaya bayan ɗaya. Ya tarar da waƙa guda an ɗauke ta sau da yawa, kowane karo da kalmomi dabam, an cire wannan baiti an gwada wancan. Ya kuma tarar da waƙoƙi kammalallu waɗanda mai su ya ajiye gefe bai fitar ba. Daga cikin na shekara ta 1994 zuwa ta 1997 kaɗai aka tsamo 24, aka buga su a shekara ta 2007 a kamfanin Kill Rock Stars da sunan « New Moon », watau jinjirin wata.